Rasuwar Tagulla, Shukar Gidan Tela

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da farata masu cike da ƙasa, iyalan Tela, mai gidan nan da ke kallon shagon aski, suna sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan ciniki, da duk masu sammakon zuwa kasuwar shuke-shuke, cewa rai ya yi wa Tagulla halinsa. Ta cika ne a cikin tukunyarta, a ɗakin ɗinki, tsakanin keken ɗinki da buhun ƙyallaye, bayan doguwar jinya wadda duk unguwa ta ɗauka samun sauƙi ne. Ba a san shekarunta ba, domin da girmanta ta zo gidan.

Ga waɗanda ba su taɓa ganin marigayiyar ba, shuka ce mai faffaɗan ganye, irin waɗanda ba sa mutuwa idan shekara ta ƙare. Ba a cin ta, ba ta 'ya'ya, ba ta maganin komai, furen ma sai ɗan abin da ba a rasa ba. Aikinta ɗaya ne, ta zauna ta yi kyau, kuma ba ta taɓa fashin aiki ba. Ganyenta launin tagulla ne, ja mai duhu kamar gindin tsohuwar butar shayi da aka goge, shi ya sa Tela ya raɗa mata wannan suna. Launin nan shi ne darajarta, shi ne kuma wahalarta, domin a idon wanda bai sani ba duk shuka mai ruwan ƙasa ta riga ta mutu. Tun tana da ranta ake yi wa Tela ta'aziyyarta. Baƙo zai shigo, ya dube ta, ya dafa ƙirji ya ce, “Ayya, bushewa ta yi?” Kafin a mayar da ita tukunyar siminti, mai kwashe shara ya sha ɗaukar ta da kyakkyawar niyya, sai an bi shi da gudu har bakin titi an karɓo ta.

Tela ya haɗu da ita ne a harabar wata makaranta, inda masu lambu kan kafa tebura ranar Asabar su sayar da abin da ya yi musu yawa. Duk wanda ya san irin wannan kasuwa ya san mutanenta. Suna zuwa kafin a buɗe ƙofa, kowa da kwali a hammata, suna gaisawa cikin fara'a suna auna saurin ƙafar juna. Da an buɗe sai dattawan da ke kukan gwiwa su manta da gwiwa. Shuke-shuken a gwangwanin madara suke, da yankakkun jarkoki, da tsohon bokiti, an rubuta sunayensu a kan tsinke da rubutun da ruwa ya wanke. Dokar wurin ɗaya ce, abin da ka riƙe naka ne, abin da ka ajiye don ka gyara takalmi ya zama na wani. Kuma kowa, idan ya koma gida da tukunya ta biyar, zai shaida wa iyalinsa cewa kyauta aka ba shi.

Ba shi kaɗai yake zuwa ba. Mai Aski, amininsa tun suna samari, wanda shagonsa ke tsallaken titi, shi ke kai shi a tsohuwar motarsa mai buɗaɗɗen baya. Mai Aski bai san ganye daga ciyawa ba, bai kuma damu ya sani ba. Nasa ya tuƙa, ya riƙe kwali, ya tsaya a bayan Tela yana cewa, “Mutumina, wannan ai irinta muke takawa a bayan shago.” Da haka suka zagaye duk wata makaranta da filin wasa da bayan ɗakin karatu inda aka taɓa kafa tebur aka ɗora tukunya.

Ran nan sun makara, domin motar ta ƙi tashi sai da turi, suka tarar an kwashe komai. A tebur na ƙarshe, kusa da famfo, wata tsohuwa mai faffaɗar hula tana zaune da shuka ɗaya da kowa ya wuce yana yi mata jaje. Tela ya sunkuya, ya juya ganye ɗaya, ya ga bayansa yana sheƙi kamar yadin da bai taɓa shiga ruwa ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana taɓa yadi ya san mai rai idan ya taɓa. Tsohuwar ta ga hannunsa, ta ce, “Kai ka gane ta, ɗana. To ka ji. Ka ba ta rana, ka rage mata ruwa. Idan ta cika tukunya ka raba ta, ka ba mutane. Irin wannan idan aka ƙi raba ta, daga tsakiya take fara mutuwa.” Tela ya gyaɗa kai. Ya ji maganar rana, ya ji ta ruwa, sauran kuwa ta shiga ta nan ta fita ta can.

Marigayiyar ta yi zamanta a baranda, inda hantsi ke fara sauka, kuma duk wanda ya zauna da ita zai shaide ta da alheri. Ba ta taɓa neman abin da ya wuce kofin ruwa ba. Ba ta taɓa kai ƙarar kowa ba, har da kyanwar maƙwabta da ta mayar da tukunyarta wurin barcin rana. Ta saurari labarin kowane mai ɗinki da ya kawo yadi yau ya ce gobe yake so, ba ta kai wa kowa ba. Maganarta kaɗan ce. Idan iska ta kaɗa sai ta ce shaf, shaf. Idan Tela ya zuba mata ruwa da safe sai ƙasarta ta ce ƙur-ƙur-ƙur, shi kuma ya amsa mata da “Madalla,” kamar wanda aka gaishe shi. Uwargida ta sha faɗa cewa tun da aka kawo ta gidan ita ba a taɓa amsa mata gaisuwa da irin wannan murya ba.

Ta yi ƙiba, ta cika tukunya, ta fara leƙe ta gefe. Nan masu roƙo suka soma zuwa. Ƙanwar Tela ta nemi ɗan reshe, ya ce lokacin bai yi ba. Malamar asibitin da ke saman bene ta nema, ya ce zafi ya yi yawa. Ta dawo da sanyi, ya ce sanyi ya yi yawa. Mai burodi ya nema, Tela ya tambaye shi ko ya taɓa ganin ya zo ya ce a yanko masa gefen tanda. Ba mugunta ba ce, a faɗi gaskiya a kan mai makoki. Tela mutum ne da zai ɗinka wa maraya riga ya ƙi karɓar ko godiya. Amma duk lokacin da ya ɗauko wuƙa da niyyar raba Tagulla sai ya ji kamar an ce ya yanka sabon yadi ba tare da awo ba.

Na ƙarshe da ya roƙa shi ne wanda ba a taɓa zato ba. Mai Aski ya tsallako wata yamma, ya tsaya yana kallonta ya daɗe, sannan ya ce, “Mutumina, ɗan reshe ɗaya fa, in sa a tagar shago. Mutane sun gaji da kallon ƙeyarsu a madubi.” Tela ya ce, “Gashin da kake yankewa ma da ƙyar yake dawowa, balle shukata.” Suka yi dariya, Mai Aski ya koma shagonsa, ba wanda ya riƙe abin a zuci.

Ba a daɗe ba Tela ya fito baranda da kofin ruwa ya tarar babu reshe ɗaya, babba, na gefen dama. Ba karyewa ya yi ba, ba kuma akuya ba ce. Yankan almakashi ne, a karkace, tsaf, na hannun da ya saba. Tela ya durƙusa ya duba shi kamar likita, ya tashi, ya dubi tsallaken titi, ya hau dokin zuciya. Da tef ɗin awo a wuya ya shiga shagon aski, inda wani bawan Allah ke zaune an aske masa rabin kai.

“Fito min da ita,” in ji Tela.

“Da wa?”

“Ka san da wa. A unguwar nan mu biyu ne muka iya riƙe almakashi, kuma ni ban yanka ba.”

Mai Aski ya dube shi, ya dubi mai rabin kai ta madubi, ya ajiye almakashi a hankali. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi. Ya bi aljihunan tebur ɗaya bayan ɗaya yana buɗewa, ya buɗe akwatin reza, ya zazzage kwandon tawul, har murfin butar shayinsa ya cire ya ajiye. Sannan ya ce, “Duba, mutumina. Idan ka gama ka ja min ƙofa.” Tela bai ga komai ba, kuma rashin ganin ya ƙara tabbatar masa cewa an ɓoye ta da kyau.

Daga ranar ba sa ga maciji. Titi ɗaya ne tsakaninsu, ƙofa tana kallon ƙofa, kowa ya koyi yin aiki da wuya a karkace. Tela ya gwada zuwa kasuwar shuke-shuke a motar haya, ya dawo da tukunya a cinya da ƙasa a jikin fasinjoji, ya ji babu daɗi ya saya ba wanda ya ce masa ciyawa ce, sai ya daina zuwa. Aski kuwa, da yake ba wanda ya taɓa taɓa kansa sai mutum ɗaya, ya koma yi wa kansa da almakashin yadi a gaban madubin awo, abin da ya sa hularsa ta daina sauka ko a gaban iyali. A can tsallake aljihun rigar Mai Aski ya yage, ya maƙale shi da fil, ya ci gaba da yawo da shi haka. Tela yana hangen fil ɗin nan kullum, yana jin sa kamar a fatarsa aka soka.

A nan ne ciwon ajali ya samo asali. Tela ya ce ba zai bar Tagulla a baranda a gaban ɓarayi ba. Ya ja ta zuwa ɗakin ɗinki, ya sa kwaɗo, ya rataya makulli a wuya tare da tef. Ɗakin kuwa tagarsa ɗaya ce, tana kallon bangon maƙwabta. Irin wannan shuka rana ce ke ba ta launi, idan ta rasa rana sai ta koma kore kamar kowa. A hankali sabbin ganyen suka fara fitowa kore, dogaye, marasa ƙarfi, suna miƙa wuya wajen taga.

Sai unguwa ta ɗauki murna. Masu kawo ɗinki suka riƙa cewa, “Barka, Tela! Ashe za ta tashi!” Ƙanwarsa ta yi waya daga nesa ta ce ta ji labari, da ma ta san haƙurinsa ba zai faɗi ƙasa ba. Malamar asibiti ta leƙo, ta ɗaga ganye da yatsa, ta ce a sana'arta ba ta taɓa ganin mai jinya ya murmure haka ba. Mai kwashe shara ya cire hula ya nemi gafara a kan abin da ya wuce. Tela yana amsa barka da baki kawai, domin shi kaɗai ya san koren nan shi ne ciwon. Babu kaɗaici irin na mutumin da ake taya murna a kan abin da ke kashe shi.

Ba a ce bai yi ƙoƙari ba. Ya saya mata fitila, ta ƙona mata gefe. Ya jingina madubin awo a taga don ya karkato mata da rana, ya karkato da ita cikin idon kansa, ya ɗinka wa wani mutum hannun riga a wuya. Ya ƙara mata ruwa, da bai ga canji ba ya sake ƙarawa. Maganin yana nan taku kaɗan daga ɗakin, kuma ya san shi. Amma mayar da ita baranda, a ganinsa, daidai yake da tsayawa a gaban tsallaken titi ya ce ya daina zargi, wannan kuwa ya fi ƙarfin wuyansa. Tsakiyarta ta fara ramewa, yadda tsohuwa mai hula ta faɗa, saiwa ta shaƙe saiwa a tukunyar da ba a taɓa rage wa kowa ba. Wata safiya ya zuba mata ruwa, ya tsaya jiran ƙur-ƙur-ƙur, ruwan ya kwanta a sama bai ce komai ba. Ya kama ganye ɗaya a hankali don ya gyara mata zama, sai duk ta biyo hannunsa.

Ya zauna a kan buhun ƙyallaye ya yi kuka, kuka na gaske, kuma ba mu ga abin dariya a ciki ba sai daga baya. Yana cikin haka sai ya ɗago kai, fuskarsa ta yi haske. Ya tuna cewa irin su Tagulla ba sa ƙarewa muddin an ɗauki reshe an dasa. Idan har Mai Aski ya sata, to Tagulla tana da rai a tsallaken titi, wataƙila a bayan shago, wataƙila ta cika gwangwani. Mutumin da ya daɗe yana tsine wa sata ya ɗaga hannu yana roƙon Allah Ya sa amininsa ɓarawo ne. Ya kira mu ya ce a rubuta a sanarwa cewa marigayiyar ta bar 'ya ɗaya a hannun wani, kuma an yafe, a kawo ta kawai, ba za a tambayi komai ba.

Uwargida tana ninke wanki a bakin ƙofa. Ba ta ɗago ba ta ce, “Wace 'yar, Maigida? Reshen nan da ke kama min mayafi duk lokacin da na yi shanya? Ni na yanke shi, da babban almakashinka. Na ɗauka bushewa ya yi.”

“Ina kika kai shi?”

“Shara.”

“Shi ne ba ki faɗa ba?”

“Ina faɗa kana tsallaka titi. Ka dawo na sake faɗa, ka ce in daina kare shi don matarsa ƙawata ce. Na faɗa har na gaji. To yau da ɓarawo ya zama mai ceto, wa zan kare?”

Tela ya dubi babban almakashinsa. Yankan nan da ya rantse na gwani ne, a karkace, tsaf, shi da kansa ya koya mata shi tun tana amarya tana taya shi datse zare. An goge maganar 'ya daga sanarwa.

Saboda haka marigayiyar ba ta bar baya ba. Ta bar tukunyarta ta siminti, da farantin da ke ƙarƙashinta wanda ya yi mata hidima ba a taɓa yaba masa ba, da kofin ruwa mai karyayyen hannu. Ta bar wata tana, tsutsar ƙasa, da ta rayu a cikinta, wadda aka samu da rai, a gigice, yanzu haka tana hannun 'yan uwa. Ta bar na'ana'ar bayan gida, wadda ba dangin jini ba ce kuma ba ta nuna alamar damuwa ba. Ta bar zagayen fari a simintin baranda inda ta taɓa zama. Ta kuma bar Tela, wanda ya rasa shuka da aboki a kan reshe ɗaya, ya kuma gane cewa ɗaya daga cikinsu ne kawai ba ya dawowa.

Ga yadda aka tsara rakiya. Za a kai gawar ne tarin takin da ke bayan makarantar da aka samo ta, tsohuwa mai hula ta amince za ta karɓe ta, ta kuma yi alkawarin ba za ta ce ai ta faɗa ba, ko da yake ta riga ta faɗa sau da dama a waya. Ana karɓar gaisuwa a baranda. Ba a buƙatar furanni, kuma ana roƙon kada kowa ya zo da wata shuka da sunan maye gurbi. Duk wanda ya san zai ce “ai ganye ne kawai” ya yi zamansa a gida, an karɓi gaisuwarsa. Waɗanda suka yi barka a lokacin jinya an yafe musu, ba su sani ba.

Ba a sa rana ba, ba a sa lokaci ba, kuma ga dalili. Tukunyar tana da nauyi, hannuwa biyu gare ta, sai mutum biyu da mota mai buɗaɗɗen baya. Surukin Tela ya ce zai kama, Tela ya ƙi. Mai burodi ya kawo motarsa har ƙofa, ya ce a mayar. Ya ja tukunyar shi kaɗai zuwa baranda, ya zauna a gefenta ya riƙe hannu ɗaya, ya bar ɗayan yana kallon titi. Za a ɗauki gawa duk sa'ar da Mai Aski ya tsallako. Iyali suna roƙonsa, don girman zumunci, kada ya daɗe yana shawara, domin ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta jira, kuma masu kawo ɗinki sun fara miƙo yadi ta taga saboda wari.

A ƙarshe Tela ya ce a rubuta da manyan baƙi, inda kowa zai gani, cewa Mai Aski bai yanki komai ba, bai ɗauki komai ba, bai ɓoye komai ba. 'Yarsa ta ce, “Baba, ai shi ya fi kowa sanin haka.” Ya dubi tsallaken titi.

“Na sani,” in ji shi. “Ku rubuta, ya ga ni ma na sani.”